Ladi Kwali da Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa

An haifi Ladi Kwali wajajen shekarar 1925 a garin Kwali da ke ƙasar Gwari. Ba a aji ta koyi sarrafa yumɓu ba, kamar yadda ɗalibai ke yi a yau. A hannun wata daga cikin iyayenta mata ta koya, tana murza yumɓu tana ɗora shi zobe bisa zobe har randa ta tashi, sannan ta zana mata ƙadangare ko kunama ko kifi.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin.

Nan ne aikinta ya sauya, kuma sauyin bai zo kyauta ba. Randar gargajiya, irin wadda har yau ake girkewa a gidajen karkarar Kano, tsattsafowar da take yi ce ke sanyaya ruwa. Da aka shafe randunan Ladi da sinadarin ƙyalli, aka gasa su da wuta mai tsanani, sai suka yi nauyi, suka toshe. Suka bar gindin inuwa, suka koma zaurukan baje koli a Landan.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.