Bill Wilson: Mashayin da ya gano magani a bakin ɗan'uwansa mashayi

A watan Mayun 1935, wani ɗan kasuwa daga birnin New York ya tsaya a harabar otal ɗin Mayflower da ke Akron a jihar Ohio ta Amurka. Cinikin da ya kawo shi garin ya watse, aljihunsa ya yi sanyi, ga mashaya a gefe ana ta raha. Watanni biyar ke nan rabonsa da giya, kuma ya san kofi guda ya isa ya mayar da shi gidan jiya. Sai ya nufi wayar tarho ya shiga kiran malaman coci, yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi wa magana. Sunan mutumin William Griffith Wilson, wanda duniya ta fi sani da Bill W.

An haife shi ranar 26 ga Nuwamba, 1895, a ƙauyen East Dorset na jihar Vermont. Auren iyayensa ya mutu yana yaro, ya tashi a hannun kakanninsa na wajen uwa. Ya fara shan giya lokacin da yake soja a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma auri Lois Burnham a 1918. Bayan yaƙi ya shiga hada-hadar hannayen jari ya yi arziki, amma durƙushewar kasuwar a 1929 da kuma shaye-shaye suka raba shi da dukiya da mutunci, har sai da matarsa ta kama aiki a kanti don su ci abinci.

Tsakanin 1933 da 1934 an sha kwantar da shi a asibitin Towns da ke New York. A can likita William Silkworth ya fahimtar da shi cewa jarabar giya ciwo ce da ke kama jiki da tunani tare. A ƙarshen 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi garau, ya ba shi labarin yadda ya daina ta hanyar wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford. Ranar 11 ga Disamba, 1934, Wilson ya sha kofinsa na ƙarshe ya koma asibiti. Da ya fito sai ya duƙufa wajen yi wa mashaya wa'azi. Babu ko ɗaya da ya shiryu, amma Lois ta lura cewa shi kansa bai ƙara sha ba tun da ya fara ƙoƙarin ceton wasu.

Wannan darasin ne ya tura shi wajen tarho a Akron. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Robert Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Smith ya yarda ya ba shi minti 15 kawai, amma hirar ta kai kusan awa shida, domin Wilson bai yi masa faɗa ba, labarin kansa kawai ya ba shi. Ranar 10 ga Yuni, 1935, da aka ɗauka a matsayin ranar da Smith ya sha na ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashaya masu sakaya suna.

A 1939, mambobi ba su wuce kimanin 100 ba, aka buga littafin ƙungiyar wanda Wilson ya rubuta mafi yawansa. A cikinsa akwai matakai 12 da suka haɗa da amsa gazawa, dogaro ga Ubangiji, binciken kai, neman afuwar waɗanda aka cuta, da kai saƙon ga wani mai fama. Wani rahoto da mujallar Saturday Evening Post ta buga a 1941 ya sa wasiƙu suka yi ta kwarara, mambobi suka ninka.

Tsarin zaman da ya bari mai sauƙi ne. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato niyyar daina sha. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a karɓar tallafi daga waje, kowa da sunansa na farko ake kiransa, kuma sabon shiga yakan sami wanda ya riga shi ya riƙe hannunsa.

Wilson bai rabu da rauni irin na ɗan Adam ba. Ya shafe shekaru yana fama da ciwon damuwa, bai kuma iya barin taba ba sai a ƙarshen rayuwarsa, bayan ta lalata masa huhu. A 1955 ya miƙa ragamar ƙungiyar ga wakilan mambobi a taron St. Louis. Ya ƙi karɓar digirin girmamawa daga Jami'ar Yale don kada ya karya ƙa'idar sakaya suna.

Ya rasu ranar 24 ga Janairu, 1971, a birnin Miami, bayan shekara 36 bai ɗanɗana giya ba. A sanarwar mutuwarsa ne jama'a da dama suka fara jin cikakken sunansa. A yau ana gudanar da zaman ƙungiyar a ƙasashe kusan 180.