Ranjitsinhji: Yariman da sandar kurket ta mayar wa gadon sarauta

A tarihin Gasar Gundumomin Ingila, wadda ita ce babbar gasar kurket ta cikin gida a ƙasar, kakar 1899 ta fita daban. Ƙungiyar Surrey ce ta zama zakara, amma sunan da ya zauna a bakin jama'a shi ne na wani ɗan Indiya kyaftin ɗin Sussex, Kumar Shri Ranjitsinhji, wanda Turawa suka taƙaita zuwa Ranji. A shekarar ya tara maki 3,159 a wasannin ajin farko, irin waɗanda a wancan lokacin ake kwana uku ana fafatawa, ya zama mutum na farko da ya haura dubu uku a kaka guda.

A kurket, ɗan wasa kan tsaya da faffaɗar sanda yana kare turaku uku da aka kafa a bayansa, abokin hamayya na jefo masa ƙwallo. In ya buga ta ya ruga ɗaya gefen, ya ci maki. Wasan bai kai ƙwallon ƙafa ko kokawa farin jini a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe ba, amma ƙashin bayan labarin Ranji abu ne da duk wanda ya tashi a ƙasar sarakuna ya sani: rikicin gadon sarauta.

An haife shi ranar 10 ga Satumba, 1872, a ƙauyen Sadodar da ke masarautar Nawanagar a yammacin Indiya. Sarkin lokacin, Vibhaji, ya zaɓe shi tun yana ƙarami ya zama magajinsa. Sai dai a 1882 aka haifa wa sarkin ɗa namiji, Jaswantsinhji, kuma Turawan mulkin mallaka suka amince a mayar da gadon ga jaririn. Abin da ya rage wa Ranji shi ne karatu a Kwalejin Rajkumar ta 'ya'yan sarakuna da ke Rajkot, inda ya koyi kurket. Daga nan ya wuce Jami'ar Cambridge, ya shiga ƙungiyar jami'ar a 1893, ya bar ta ba digiri, bashi kuma ya yi masa katutu.

Ya koma Sussex a 1895, shekarar da Vibhaji ya rasu sarauta ta faɗa hannun ɗansa. Ranji ya zo da salon da Turawa ba su saba gani ba: maimakon dukan ƙwallo da ƙarfi zuwa gaba, sai ya karkatar da ita ta bayan ƙafarsa da murɗa wuyan hannu kawai. A 1896 wasu manyan wasan a Landan suka ƙi yarda ɗan Indiya ya wakilci Ingila, amma masu zaɓe na Manchester suka sa shi a karawa da Ostireliya. Ya ci maki 62, sannan 154 ba a fitar da shi ba. A watan Agusta na shekarar ya haɗa maki ɗari sau biyu a yini ɗaya a kan Yorkshire, ya rufe kakar da 2,780. Bayan bajintar 1899 ya sake haura dubu uku a 1900. Duk da haka, iyakar abin da Sussex ta samu a hannunsa shi ne matsayi na biyu a 1902 da 1903.

Shaharar nan ce jarinsa. Da ita ya samu shiga wurin manyan Ingila da sarakunan Indiya, ya yi ta farfaɗo da batun gadonsa. Da Jaswantsinhji ya rasu a 1906, akwai wasu masu neman kujerar, amma Turawa suka zaɓi wanda kowa ya san sunansa. An naɗa shi Jam Sahib na Nawanagar a watan Maris na 1907.

Mulkinsa ya zo da yabo da suka. Ya gyara birnin Jamnagar, ya bunƙasa tashar jiragen ruwa, ya kuma wakilci Indiya a Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a 1920. A ɗaya ɓangaren an zarge shi da almubazzaranci da yawan zaman Turai. Ya rasa idonsa na dama a hatsarin farauta a 1915, kuma da ya gwada komawa fili a 1920, hannun bai koma yadda yake ba. Ya bar wasa da maki 24,692 a ajin farko.

Ya rasu a Jamnagar ranar 2 ga Afrilu, 1933. Shekara guda bayan haka hukumar kurket ta Indiya ta kafa gasar ajin farko ta ƙasa, Sarkin Patiala ya ba da kofi, aka raɗa mata sunan Ranji. Bombay ce ta lashe kakar farko ta 1934 zuwa 1935. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga wa Sussex da Ingila, bai kuma tsaya wa kurket ɗin ƙasarsa yadda aka zata ba, shi ne wanda har yau duk matashin Indiya mai burin wakiltar ƙasarsa yake fara neman suna a gasar da ke ɗauke da sunansa.