Malam Umaru Falke, Mai Tara Littattafai

An haifi Malam Umaru Falke a shekarar 1893, ya rasu a 1962. Malamin Kano ne, kuma falke, watau mai fatauci zuwa ƙasashe masu nisa. Ya yi karatu wurin Malam Muhammadu Salga, ya riƙi ɗariƙar Tijjaniyya, daga baya ya bi Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha.

Fatauci bai raba shi da ilmi ba. Yana ciniki yana tara littattafan da aka rubuta da hannu, har ya bar fiye da 3,000, yawancinsu cikin Larabci, waɗansu cikin ajamin Hausa. Akwai na fiƙihu, da na yabon Annabi, da na magani, da wasiƙu. Bayan rasuwarsa aka kai su Jami'ar Northwestern a Amurka, aka jera su, aka adana. Ɗalibinmu da ke son ya ga ainihinsu sai ya ƙetare teku.

To, jama'ar Gwarzo da Kabo, a gidajen malamanmu akwai irin waɗannan littattafai cikin tsofaffin gafakai, gara da ɗigar damina suna cinsu. Muna roƙon magada su kakkaɓe su, su ɗaga su daga ƙasa, su yarda masana na Jami'ar Bayero su ɗauki hotonsu. Wanda gara ta cinye, in ba shi da kwafi, ya tafi ke nan.