Agustin na Hiffo, Wanda Bai Ɓoye Ciwon Gidansu Ba

Ya mai karatu, an haifi Agustin cikin shekara 354 a Tagasta, wani ƙaramin gari na Afirka ta Arewa, a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Ubansa Fatirisiyus ɗan majalisar garin ne, amma ba shi da dukiya mai yawa, ba kuwa mai bin Almasihu ba ne. Uwarsa Monika ita ce mai bi. Abin da muka sani na cikin gidan nan daga bakin Agustin kansa muka ji shi, gama wajen shekara 397, bayan ya zama bishof, ya soma rubuta labarin ransa cikin littafi mai kashi 13, dukansa kuwa addu'a ce da furci a gaban Allah.

Ka lura da abin da bishof ya yarda ya faɗa. Ya ce ubansa mutum ne mai saurin fushi, mai cin amanar aure kuma, ko da yake yana da kirki a wasu wurare. Ya ce matan Tagasta da yawa sukan fito da tabon duka a fuska, har suna mamaki da ba a taɓa jin Fatirisiyus ya ɗaga wa matarsa hannu ba. Monika ba ta yi masa gardama sa'ad da ya hasala. Sai ta bari zuciyarsa ta huce, sa'an nan ta zauna ta bayyana masa maganar sarai. Kada wani ya ce ashe shiru kawai ta yi: lokaci ta zaɓa, amma maganar ta faɗe ta. Kada kuma wani maigida ya ɗauki haƙurinta hujjar bugun mace, gama mugunta ce a zamaninsu, mugunta ce a namu. A ƙarshe Fatirisiyus ya karɓi baftisma dab da mutuwarsa, sa'an nan ɗansa yana da shekara kamar 17.

Ko uwar da yake ƙauna bai mai da ita mala'ika ba. Tun tana yarinya, iyayenta sukan aike ta ta ɗebo ruwan inabi daga tulu, ta riƙa ɗanɗanawa kaɗan kaɗan, har ta kai tana shanye ƙoƙo kusan cike. Wata rana suka yi faɗa da baiwar gidan, baiwar ta zage ta da mashayiya. Zagin nan ya shige ta, ta daina. Monika da kanta ta ba ɗanta labarin nan. Ina tsammani a wurinta ya fara koyon cewa mai bi yana iya faɗin abin kunyarsa ba tare da ya hallaka ba.

Amma inda ya fi tsananta shi ne a kan kansa. Da aka kai shi makaranta a Kartaj, ya ajiye mace ba da aure ba, ta haifa masa ɗa wajen shekara 372, suka sa masa suna Adiyodatus, wato kyautar Allah. Ya shiga ɗariƙar Mani, ya yi shekara kamar 9 a ciki, har da fari uwarsa ta ƙi cin abinci tare da shi. Cikin 383 ya yi niyyar ƙetare teku zuwa Roma. Monika ta bi shi har bakin ruwa tana roƙonsa. Ya ruɗe ta da cewa abokinsa yake rakiya, ta kwana tana addu'a kusa da wurin, shi kuwa ya shiga jirgi da dare ya tafi.

A Milan ya sami babban aikin koyarwa, uwarsa ta iske shi can, aka nema masa 'yar masu daraja. Saboda auren nan aka raba shi da matar da suka zauna fiye da shekara 10. Ta koma Afirka, ta bar masa yaron, ta yi wa'adi ga Allah ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa bai iya jiran shekara 2 kafin amarya ta isa aure ba, ya ɗauki wata. Ya rubuta wannan duka, ya nuna macen da aka kora ta fi shi riƙon amana. Sunanta dai bai ambata ba ko sau ɗaya.

Mu Hausawa mukan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, da gaskiya kuwa a ciki. Watakila kai ma, da ka shigo hanyar Yesu kwanan nan, kana ɗauke da maganar gida wadda kowa ya sani amma ba mai furtawa: uba mai sha, ko ɗan da ba a ambaton asalinsa, ko matar da aka saka ba laifi. Duba bambancin furci da tsegumi cikin aikin mutumin nan. Allah ya fara gaya wa, wanda ba a ɓoye masa kome. Laifin kansa ya fi nanatawa bisa na kowa. Iyayensa kuwa ya yi maganarsu domin a yi musu addu'a, gama ya roƙi dukan masu karanta littafin su tuna da Monika da Fatirisiyus a gaban Ubangiji.

Cikin 386, a wani lambu a Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya karanta ƙarshen sura 13, zuciyarsa ta juya. Daren Idin Tashin Almasihu na 387 bishof Ambiros ya yi masa baftisma, shi da ɗansa tare, a gaban ikilisiya. Cikin shekaran nan Monika ta rasu a Ostiya suna kan hanyar komawa gida, tana da shekara 56. Ba a daɗe ba Adiyodatus ma ya rasu yana saurayi. An naɗa Agustin firist a Hiffo cikin 391, daga baya ya zama bishof, ya yi kiwon ikilisiyar garin fiye da shekara 30. Ya mutu cikin 430, sa'ad da rundunar Bandalawa ta kewaye birnin da yaƙi.