Labarin George Washington Carver, Likitan Tsire-tsire

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a wata gona kusa da ƙauyen Dayamon, cikin jihar Misuri ta ƙasar Amurka. Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarsa, gama cikin bauta aka haife shi. Uwarsa Maryamu baiwar wani manomi ce mai suna Moses Carver. Yana jinjiri sai mahara suka zo da dare, suka sace shi tare da uwarsa. Ubangijinsu ya aiki wani mutum ya bi sawu, amma yaron kaɗai aka samo, uwar kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Da aka hana bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka riƙe shi kamar ɗansu.

Yaron ba shi da ƙoshin lafiya, don haka ba a sa shi aikin gona mai nauyi ba. Ya riƙa taya Susan aikin gida, in ya gama kuwa sai ya shiga daji. Can ya yi ɗan lambunsa a ɓoye, yana dasa furanni, yana duban wanda ke son rana da wanda ke son inuwa, da irin ƙasar da ta dace da kowanne. Maƙwabta suka soma kawo masa shukokinsu da suka yi yaushi, yana jiyyarsu har su farfaɗo. Daga nan aka laƙaba masa suna likitan tsire-tsire, alhali kuwa bai taɓa zama a aji ba tukuna.

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar 'ya'yan baƙar fata. Saboda haka ya bar gida tun yana yaro, ya tafi garin Niyosho, tafiyar kamar mil 8, inda akwai tasu makarantar. Ya yi shekaru yana yawo gari gari, yana wanki da dahuwa domin ya ci da kansa ya yi karatu. Wata kwaleji a jihar Kansas ta karɓe shi ta wasiƙa, amma da ya iso suka ga launin fatarsa sai suka sallame shi. Bai fid da zuciya ba. A 1890 ya shiga kwalejin Simpson a jihar Ayowa yana koyon zane. Malamarsa Etta Budd ta lura da yadda yake zana furanni, ba ya kuskure ko jijiyar ganye, sai ta ba shi shawara ya nemi ilmin tsire-tsire. A 1891 ya shiga kwalejin aikin gona ta Ayowa, shi ne baƙin mutum na farko da ya yi karatu a cikinta. Ya sami digiri na fari a 1894, na biyu a 1896.

A nan ne aka fara ganin irin malamin da zai zama. Wani malaminsa yana da ɗa ɗan shekara kamar 6, sunansa Henry Wallace. Carver yakan tafi da yaron yawo cikin saura, su tsuguna tare, ya nuna masa cewa ciyawa ma tana da fure, ya sa shi ya bambanta sassan furen da idonsa. Yaron nan ya girma ya zama gwanin kyautata irin masara, ya riƙe ma'aikatar aikin gona ta Amurka, daga baya ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 1941 zuwa 1945. Har ya tsufa yana ambaton yawon nan.

A 1896 Booker T. Washington ya kira shi zuwa makarantar Taskigi a jihar Alabama, wadda aka kafa domin horar da malamai baƙar fata. Carver ya tarar da talauci ƙwarai. Manoma sun daɗe suna shuka auduga shekara da shekaru a gona ɗaya, har ƙasa ta gaji, ruwan sama yana kwashe ta. Makarantar kuma ba ta da kayan gwaji. To, maimakon ya zauna jiran kuɗi, sai ya ɗebi ɗalibansa suka bi juji, suka tsinto kwalabe da gwangwanaye da murafai. Kwalbar tawada da lagwani ta zama fitilar ɗumama abu, ƙoƙon shayi ya zama turmi. Kullum da asuba yakan shiga daji, ya komo da ganye ko saiwa ko naman kaza, ya ajiye gaban ɗalibai su taɓa, su sansana, su faɗi abin da suka gani.

Ya sani ɗaliban nan ƙauyuka za su koma su koyar da ƙananan yara. Domin wannan a 1910 ya rubuta ɗan littafi kan nazarin halitta da aikin lambu saboda makarantun karkara. Ra'ayinsa shi ne kowace makaranta ta yi lambu, yara su yi shuka da noma da girbi da hannunsu, sa'an nan a ɗauko darasin lissafi da na rubutu daga cikin lambun. Yaron da ya auna kunyarsa, ya ƙirga irin da ya shuka da wanda ya tsiro, ya yi lissafi ke nan ba tare da an tilasta shi ba. Iyayen ma bai bar su ba. A 1906 aka shirya wani keke da alfadarai ke ja, aka loda masa iri da garma da kayan gwaji, yana zagaya ƙauyuka, ana nuna wa manoma aiki a gonakinsu.

Babban abin da ya koya musu shi ne a riƙa sauya auduga da wake da gyaɗa da dankali, a kuma yi taki da ruɓaɓɓen ganye. Dalilin yana nan a saiwa. In ka tuge gindin gyaɗa ko na wake za ka ga 'yan ƙuraje a jikin saiwar. Cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ɗaukar naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, ƙasa ta amfana. A 1916 ya buga hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa a ci, a 1921 kuma ya yi bayani a kanta gaban wani kwamitin Majalisar Amurka, sunansa ya bazu. Yawancin abubuwan da ya haɗa daga gyaɗa ba su shiga kasuwa ba. Aikinsa da ya dawwama shi ne koyarwa.

Ya shekara kusan 47 a Taskigi, bai yi aure ba, abin da ya tara kuwa ya bayar domin a ci gaba da binciken aikin gona. Ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da Booker T. Washington.

Mu da za mu fita zuwa makarantun ƙauye, da wuya mu tarar da abin da ya fi wanda Carver ya tarar. Amma wake da gyaɗa suna ƙofar gidan kowane yaro. A ba kowa gwangwani ya huda gindinsa ya shuka ƙwaya 3, a ajiye wani a rana, wani cikin akwati mai duhu, wani a hana shi ruwa. Kowace safiya yara su auna tsiron da tsinke, su zana shi a littafi. Da damina a kai su gona su ga yadda furen gyaɗa, bayan ya bushe, yake sako tsinke ya shiga ƙasa ya yi 'ya'ya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tuge saiwa da hannunsa ba zai manta da abin da ya gani ba, wataƙila ma ya kai labarin gonar ubansa.