Nargis, ƴar wasan da ta zama Uwar Indiya

A yau za mu kawo muku tarihin wata mata wadda da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu suka san fuskarta tun zamanin silima ta fili, ko da ba su riƙe sunanta ba. Duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin nan na Indiya mai suna Mother India, wato Uwar Indiya, inda mace ke jan garma da kafaɗarta saboda mai ba da bashi ya karɓe mata shanun noma, to ya ga Nargis. Shekaru fiye da 40 ke nan da rasuwarta, amma har yanzu idan aka sa fim ɗin a gida za ka ga tsofaffi sun matso kusa.

An haife ta ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 1929 a birnin Kalkata, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Sunan da aka raɗa mata shi ne Fatima Rashid. Mahaifinta ɗan wani gidan masu hali ne na Rawalfindi, garin da ke cikin Pakistan a yau. Ɗan addinin Hindu ne, ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdul Rashid. Mahaifiyarta kuwa, Jaddanbai, mawaƙiya ce sananniya, kuma tana cikin matan farko da suka shiga harkar fim a Indiya. Tana tsara kiɗa, tana wasa, tana kuma zuba kuɗinta ta shirya fim da kanta. A cikin fim ɗin uwar tata mai suna Talash-e-Haq ne, a 1935, aka fara nuna yarinyar tana ƴar shekara 6. A nan aka sa mata sunan wasa Nargis, sunan wani fure ne da harshen Farisa, shi ne kuma ya bi ta har kabari.

Burin Fatima tun tana lakwal shi ne ta zama likita. Amma gidansu da fim ake ci ake sha. A 1943, tana da shekara 14, babban mai shirya fim Mahbub Khan ya ba ta matsayin jaruma a fim ɗinsa Taqdeer. Fim ɗin ya samu karɓuwa, daga nan maganar karatun likita ta sha ruwa. Mu da muka tashi a gidajen ƴan kasuwa mun san irin wannan: yarinya tana son karatu, amma rumfa tana bukatar hannu.

Shekarar 1949 ita ce ta ɗaga ta sama. A cikinta aka fitar da Andaz, inda ta fito tsakanin manyan jarumai biyu, Dilif Kumar da Raj Kafur, aka kuma fitar da Barsaat. A cikin wannan shekara ce kuma mahaifiyarta ta rasu, nauyin gida ya ƙaru a kanta. Da Raj Kafur ta yi fina-finai 16, ciki har da Awaara a 1951 da Shree 420 a 1955 da Chori Chori a 1956. Awaara ya tsallaka iyakar Indiya, ya cika gidajen silima a Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da ƙasar Sin. Da suka je Masko a 1954, jama'a suka yi musu tarba irin ta shugabanni.

Sai dai a bayan wannan ɗaukaka akwai ciwon zuciya. Shekara da shekaru Nargis tana aiki a kamfanin Raj Kafur, soyayya kuma ta shiga tsakaninsu, alhali shi yana da mata tun 1946, ga kuma ƴaƴa, kuma bai yarda ya rabu da iyalinsa ba. Da ta ga shekaru suna tafiya babu aure, babu matsayi, sai ta tattara nata ta bar kamfanin a wajejen 1956. Mutane da yawa sun ɗauka tauraruwarta ta faɗi ke nan. Ashe babban aikin yana gaba.

Mahbub Khan, wanda ya fara ɗaga ta, shi ya sake kiranta. Ya ba ta matsayin Radha a cikin Mother India, wanda ya fito a 1957. Ga waɗanda ba su gani ba, ga labarin a taƙaice. Uwar miji ta ranci rufi 500, kuɗin Indiya, wajen wani mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don ta yi bikin ɗanta, ta jinginar da gona. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, shi kaɗai ya san abin da ke cikin littafinsa. Sai aka wayi gari kowace kaka kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma duk wannan ruwan kuɗi ne kawai, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Mijin Radha ya je sharar sabuwar gona, dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu, kunya ta sa ya bar gida bai sake dawowa ba. Ambaliya ta cinye hatsi, ƴaƴanta biyu suka mutu. A cikin wannan yunwa mai bashi ya yi mata tayin abinci idan ta ba shi kanta, ta ƙi. Ta yi noma da ƙarfinta, ta raini sauran ƴaƴa biyu. Ɗayansu, Birju, ya girma da ƙiyayyar mai bashi, ya zama ɗan fashi, ya kashe shi, ya ɗauke ɗiyarsa ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta don kare mutuncin ɗiyar maƙiyinta.

Nargis tana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta taka rawar amarya, da uwa, da tsohuwa tukuf, duk ita kaɗai. Ba abin mamaki ba ne da ƙasar Hausa ta rungumi wannan fim shekaru da dama, a silima, a kaset, har a faifai. Ba ma jin harshensu, amma mun san bashin biki, mun san jinginar gona, mun san ranta da damina a biya ninki da kaka, mun kuma san macen da miji ya tafi ci rani ya bar ta da ƴaƴa.

Wajen ɗaukar fim ɗin ne, a farkon 1957 kusa da garin Surat na jihar Gujarat, aka cinna wa tarin ciyawa wuta don wani sashe na wasan, iska ta juya, wuta ta kewaye Nargis da gaske. Sunil Dat, saurayin da ke wasan Birju, ya faɗa cikin wutar ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, shaƙuwa ta shiga. Ranar 11 ga Maris 1958 suka yi aure. An yi ta surutu, don shi ɗan Hindu ne, bai kai ta suna ko dukiya ba a lokacin, ga shi kuma duniya ta san su a matsayin uwa da ɗa. Auren ya ɗore har mutuwa ta raba. Sun haifi ƴaƴa uku: Sanje Dat a 1959, wanda matasanmu suka sani a fina-finan faɗa, sai Namrata, sai Priya wadda daga baya ta zama depite.

A 1958 Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oska ta Amurka a ɓangaren fina-finan waje. A wannan shekara Nargis ta ci kyautar jarumar da ta fi kowa a bikin fina-finai na Karlobi Bari a Cekosulobakiya, gwamnatin Indiya kuma ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. Tana kan wannan ganiya ta ja baya, ta koma renon ƴaƴa. Fim ɗinta na ƙarshe da ta ja, Raat Aur Din na 1967, shi ya sa ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar ƙasa ta jarumar fim.

Barin wasa bai sa ta zauna ba. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar ƴan wasa da mawaƙa masu zuwa bakin iyaka su ɗebe wa sojoji kewa. Ta kuma zama uwar ƙungiyar da ke kula da yaran da aka haifa da shanyewar jiki, irin yaran da a da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Ba ta zama likita ba, amma ta ƙare rayuwarta tana hidimar marasa lafiya. A 1980 aka naɗa ta a majalisar dattawan Indiya.

A watan Agusta na wannan shekara ta faɗi rashin lafiya. Da aka bincika sai aka gano cutar daji ce a cikinta. Mijinta ya kai ta wani babban asibiti a birnin Niyok na Amurka, aka yi mata aiki, aka dawo da ita gida. A lokacin ɗanta Sanje ya faɗa shaye-shaye, abin da ya ƙara wa gidan baƙin ciki. Ta rasu a Bombai ranar 3 ga Mayu 1981, tana da shekara 51, kwanaki kaɗan kafin a nuna Rocky, fim ɗin farko da ɗan nata ya ja. Daren da aka buɗe fim ɗin an bar kujera ɗaya babu kowa a kai, tata ce. An binne ta a makabartar Musulmi ta Bombai. Bayanta Sunil Dat ya kafa gidauniya da sunanta don taimakon masu cutar daji, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2005.

Iyayenmu mata na kasuwa, abin da muke so ku riƙe daga fim ɗin Radha shi ne inda masifar ta faro: bashin biki da takardar da ba a karanta ba. Kafin ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan wata takardar rance, ki sa wanda kika yarda da shi ya karanta miki, ki san ruwan nawa ne, ki san ranar biya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili, idan Allah ya kai mu.