Magaji Ɗan Yamusa na Keffi

Cikin mutanen da suka yi suna a zamanin zuwan Turawa, da wuya a sami wanda ake gardama a kansa kamar Magaji Ɗan Yamusa. Littattafan Turawa mai kisan kai suka rubuta shi, mutanenmu kuwa da yawa jarumi su ke ce da shi. Mu da za mu tsaya gaban yara mu koya musu labarin ƙasa, ya kamata mu san abin da za mu faɗa.

Keffi a lokacin nan tana bin Zazzau, tana aiko da gaisuwa Zariya, yawancinta bayi. Magaji shi ne idon Sarkin Zazzau a garin. Ko da ya ke akwai Sarkin Keffi, ƙarfi da dawaki suna hannun Magaji. Sana'arsa hari. Yakan hau da mayaƙansa ya faɗa wa ƙabilun da ke kewaye, ya kamo na kamowa. Wannan ba abin da masu yabonsa za su iya musu ba ne.

A 1900 Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingilishi a Arewa, aka hana harin bayi. Aka aika da Kyaftin Maloni ya zama Razdan a Keffi, mutum ne mai ciwon ƙafa, ba ya iya gudu. Magaji bai yarda da shi ba, don a ganinsa ubangidansa na Zariya, na ubangidansa kuma na Sakkwato. Ran 3 ga Oktoba 1902 Razdan ya tafi ƙofar fada ya aika a kira Magaji, ya ƙi fitowa. Mataimakin Razdan, Mista Websta, ya shiga nemansa har cikin gida, aka fitar da shi da ƙarfi. Kowane Bahaushe ya san abin da a ke nufi da baƙo namiji ya ƙetare zaure ba izini. Da Magaji ya fito a kan doki, magana ta bi ta bakin tafinta, Audu Timtim, wanda har yanzu a ke zargi da juya ta. Nan take aka kashe Maloni, ba makami a hannunsa. An binne shi bisa dutsen da a ke kira da sunansa a Keffi.

Magaji ya sheƙa arewa, bai zame ba sai Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Gwamna ya sa wannan cikin hujjojinsa na yaƙar Kano. Rundunar Kanar Molan ta tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta ratsa arewacin Zazzau, watau wajen ƙasarmu ta Kudan da Makarfi, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Ni dai ina ganin ko Magaji bai taɓa kowa ba, da sai an je Kano, amma shi ya miƙa wa Gwamna dalili a hannu.

Bayan an ci Sakkwato a watan Maris, Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, ya mutu a yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli 1903, rana ɗaya da Sarkin Musulmi.

To, a wane layi za a sa shi? Ƙarfin zuciyarsa ba shakka cikinsa, wanda ya tsaya a Burmi gaban igwa ba matsoraci ba ne, kuma bai taɓa yi wa Turawa mubaya'a ba balle a ce ya ci amana. Amma kashe gurgu wanda ba ya riƙe da ko sanda ba aikin jarumi ba ne, ko a shari'armu. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, cikin abin da ya ke karewa har da ikon kama 'ya'yan mutane. A aji ɗaya malami zai iya samun jikan mayaƙin Magaji zaune kusa da jikan wanda aka kore wa ƙauye. Ni in na zo wannan darasi zan ba da labarin Burmi, in ba da na harin, sa'an nan in tambayi yaran biyu.